Gwajin Maganin Ilu

Guangzhou, 9 ga Yuni, 2008

Yaya Fasuma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Inna da yara.

Yaya, ciwon da na ce miki gyambon ciki ne, ba shi ba ne. Daji ne a hanta, ya wuce tiyata. Amma wata likita ta sa ni cikin gwajin sabon magani, mu goma sha huɗu. Ta ce akwai wata ƙwayar gado a jikin ƙarin dajin da ke ta ba shi umarnin ya girma. Allurarsu ɗan guntun sinadarin gado ce, tana shiga ta rufe mata baki. Ba su yi mini alkawarin warkewa ba.

Shagona na kasuwar Tianxiu na bar wa yarona Ma'azu. Don Allah kada Inna ta ji.

Ƙaninki,
Ilu

Kano, 2 ga Yuli

Ilu,

Amin wa alaikumus salam. Ya jiki?

Inna ta riga ni ji. Maƙwabcinmu Babayo da ya dawo daga can ya ce ya gan ka kana sallah a zaune. Kwana biyu ba ta ci abinci ba. Ta ce in tambaye ka, wato a kanka mutanen nan za su koya? In haka ne ka dawo, ta yi jinyar abinta.

Ni dai na ce ka zauna. Allah ya ba ka lafiya.

Yayarka,
Fasuma

Guangzhou, 14 ga Agusta

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ki ce wa Inna e, a kaina suke koyo, kuma da yardata. Kowace allura sai ta kwantar da ni kwana uku da zazzaɓi. Tsohon da muke zuwa tare ya rasu.

Saboda wasannin Olamfik an matsa kan biza, rabin mutanenmu sun koma gida. Tawa saura kwana shida ta ƙare, likitar ta rufe ofis ta raka ni wurin jami'an shige da fice da kanta. An ƙara mini wata uku.

Ku ci gaba da addu'a.

Ilu

Guangzhou, 20 ga Oktoba

Yaya,

Assalamu alaikum. An ɗauki hoton hantar jiya. Ƙarin yana nan, amma ya ragu. Na tambayi likita ko wani sabo ya fito, ta ce "meyo", wato babu. Shekara takwas ina jin haushin kalmar nan a kasuwa, jiya ta sa ni kuka.

Daga can na wuce unguwar Sanyuanli wurin masu abincinmu na gida, na ci tuwo malmala biyu. A aiko mini da kuka da daddawa.

A gaida Inna.

Ilu