An Tambayi Auta?

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da maigidanki. Ni dai gwiwoyi sun ƙi, hawan jini kuma sai abin da ya ƙaru. Na yanke shawara, ƙarshen wata ƙanenki Auta zai koma gidanki. Shekararsa ashirin da shida, amma kin san shi: ba ya son hayaniya, ba ya haɗa ido da kowa, magana sai an yi da gaske. Tsoro nake ji in faɗi wata rana, ya rasa mai kula da shi. Tunda binciken masu irin ƙwaƙwalwarsa ne aikinki, ke kika fi cancanta.

Allah ya yi miki albarka.
Ummanki

Umma,

Ina gaishe ki, ya jikin? Ɗaki na nan, har na share. Amma an tambaye shi?

Aikina a cibiyarmu shi ne in zauna da mutum a ƙaramin ɗaki, in rage haske, in kashe fanka, in yi tambaya ɗaya, sannan in kama bakina minti guda cur. Idan dangi suka fara amsawa a madadinsa, sai in roƙe su su dakata. Makona na farko a aikin, kuka na shiga banɗaki na yi, don na tuna tun muna yara nake amsa wa Auta tambaya kafin ya buɗe baki. Don Allah ki gwada.

'Yarki mai ƙaunarki

'Yar nan,

Ina amsawa. Na tambaye shi kamar yadda kika ce. Ashe minti guda tsawo gare shi! Sau biyu bakina yana cin amanata. A na uku na cije leɓe, na zuba wa agogon bango ido. Can ya ce, “Ba zan je ba.”

Na sake jira.

Ya ce, “Farin magani da safe, ja da yamma. Kina manta jan. In na tafi, wa zai ajiye miki?”

Shekara uku ina tarar da ƙwayar nan a faranti kusa da kofina, ina cewa ni na ajiye na manta. Kunya ta kama ni, daɗi ma ya kama ni.

Ki mayar da kayanki ɗakin. Mai jinyata ya ce ba inda za shi.

Ki gaida maigidan.
Ummanki