Tsohuwar da Ke Zuwa Domina

Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki? Ya Baba da Auta? Ni lafiya lau, kada ki damu.

Har yanzu ina asibitin, ina neman masu shiga gwajin sabon magani, ina kiransu kada su daina zuwa. Wata tsohuwa mai ciwon zuciya ta ce mini, "Dominki zan riƙa zuwa, 'yata." Ba ta taɓa fashi ba sai jiya. Da na kira, ɗanta ne ya ɗauka, ya ce ta rasu.

Likita ya ce ba maganin ba ne. Na yarda, amma na kasa cin abinci.

Ki sa ta a addu'a. Kuma don Allah, in na kira, ki riƙa ɗauka da kanki.

'Yarki