Jarfar Hannun Kaka

Zuwa ga Yaya Yidir, a birnin Meknes, Maroko.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, Inna da Baba suna lafiya, baƙar akuya ta haifi tagwaye. Kaka ce damuwata.

Ka san jarfar bayan hannunta na dama, zanen nan mai kama da reshen dabino. Tun da matar Kawu Bihi ta zo daga birni ta ce jarfa zunubi ce, Kaka ta kama dirzar wurin da dutsen kaushi da toka, ta matse lemon tsami a kai. Fatar ta saɓe, har jini. Na ɓoye dutsen, ta samo fasasshen kasko. Na ce, "Kaka, hannu ne ko gindin tukunya?" Ta ce, "Je ki yi karatunki, Malama."

Kai ne kake cuɗa mutane a gidan wanka safe da yamma. Faɗa mini abin da zai fitar da jarfar nan kafin ta rasa hannun.

Ƙanwarka, Tuda.

Zuwa ga Tuda.

Wa'alaikumus salam. Ki gaida kowa, har tagwayen. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san ban daɗe a aji ba.

Jarfa ba ta fita da dirza, a ƙarƙashin fata take. Yanzu dai kada komai ya taɓa wurin sai ruwan ɗumi, har ciwon ya rufe. Idan ya kumbura ko ya yi ruwa, a kai ta asibiti.

Amma ni ban yarda Kaka cire ta take so ba. Yaushe ta taɓa jin maganar matar Kawu? Ko gishiri matar ta ce ya yi yawa, ƙarawa take yi. Sannan tana da jarfa a haɓa da goshi, ba ki ce ta taɓa su ba. Da na zo Sallah na lura da abu biyu. Ta zuba shayi gefen kofi, ta ce tire ne ya karkace. Kuma takan tsaya a bakin ƙofa, inda haske yake, ta kawo hannun nan dab da hancinta ta daɗe tana dubawa.

Kada ki yi mata faɗa. Ki zauna kusa da ita lokacin tsince alkama, ki tambaye ta wa ya yi mata zanen. Idan ta yi shiru, ke ma ki yi shiru. Na san wannan zai ba ki wahala.

Yayanki, Yidir.

Yaya,

Gaisuwa. Na yi shirun da ka ce, saura kaɗan na fashe.

Mahaifiyarta ce ta yi mata, da allura da baƙin tukunya, tana ƙaramar yarinya. Ta ce tana kuka uwar tana riƙe da hannun tana cewa, "Tsaya cak. Mutane za su yi yawa a can lahira, da wannan zan gane ki." Uwar ba ta ga girbin shekarar ba.

Yaya, ba cirewa take yi ba. Cewa take jarfar ta ɓace mata, dauɗar shekaru ce ta rufe ta, shi ya sa take kankarewa don ta fito. Ta ce, "In na tafi da furfura da baki ba haƙori, ga hannu wayam, ta yaya za ta san ni ce?"

Ni kuwa ina ganin zanen. Ya ɗan dusashe, amma yana nan. Na faɗa mata, ta ce lallashi ne irin na 'yan makaranta.

Ciwon ya rufe. Amma jiya na ga tana laluben inda na ɓoye kaskon.

Tuda.

Ƙanwata,

Allah ya saka miki. Na ba direban motar kasuwa ƙulli: baƙin sabulun zaitun, da man argan na shafawa, da tsohon kis ɗina, safar hannun da nake cuɗa da ita. Da gangan na aiko tsohon, ya yi laushi. Sabo zai yage fatar tsohuwa.

Idan sabuwar fatar ta daina ja da sheƙi, ki jiƙa hannun a ruwan ɗumi, ki shafa sabulun, ki bar shi ya ɗan zauna, ki wanke. Sannan ki bi da kis a hankali, kamar kina share ƙura daga ƙwai. Ranar Juma'a kawai, ba kullum ba. Man kuwa kullum, safe da yamma. In za ta zauna a rana, ta rufe hannun da gefen mayafi. Busasshiyar fata fari take yi, ta lulluɓe zane. Nakan ga haka a hannun tsofaffin masunta: da fata ta sha mai, sai zanen ya fito kamar jiya aka yi.

Amma ki sani, ko ya fito ba lallai ta gan shi ba. Ba jarfar ce ta tafi ba, yanar tsufa ce ta rufe mata ido. Zan zo bayan girbi in kai ta a duba. Kafin nan, idan kin shafa man, ki kama yatsanta na hagu ki bi da shi kan zanen, layi-layi. Fatarta ta fi mu sanin inda allurar ta bi.

Ki ce mata jikanta mai wanke ƙattin Meknes yana gaishe ta.

Yidir.

Yaya,

Zanen ya fito, shuɗi shar, har Inna ta tsaya kallo. Kaka ba ta gani ba. Na kama yatsanta na bi da shi, ban kai rabin reshen ba ta ture hannuna, ta ƙarasa da kanta, ba ta kuskure ko layi ɗaya ba.

Sannan ta ce in mayar da kaskon kaji su sha ruwa. Ta ce, "Ni ba sai na gani ba. Ita mahaifiyata idonta garau ne."

Ta ce kuma a faɗa maka man ya kusa ƙarewa.

Tuda.