Zarton yanke reshen Baba

Assalamu alaikum, Yaya Usman.

Ina gajiya, yaya aiki da zafin Jidda? Yaya Anti Nafisa da yara? Mu nan Umbadda lafiya lau, ƙafar Iya ma da sauƙi.

Darbejiyar tsakar gida ce ta sa na rubuto. Lokacin da muka bar gidan ba kowa, reshe ɗaya ya yi ƙato ya kwanta kan katangar maƙwabciyarmu Hajja Batul, har ta tsage. Ga damina ta matso, kuma jikokinta a gindin katangar suke kwana.

Jiya na je kasuwa neman zarton lantarki, wanda a nan ake ce wa minshar. Mai shagon ya nuna mini iri biyu masu sarƙa. Mai wayar wuta ya fi ƙarfi, amma ka san halin wutarmu. Mai batir ba shi da nauyi, sola ma tana caja shi, sai dai ban sani ba ko zai iya da ɗanyen itace mai kaurin cinya. Kai ne kafinta, wanne zan ɗauka?

Akwai kuma wata tambaya. Reshen nan shi ne wanda marigayi Baba ya kafa wa ƙusa yake rataye rediyonsa, ƙusar tana nan har yanzu. Mai shagon ya ce sarƙa ba ta son ƙarfe. Taƙi nawa zan bari tsakaninsu? Iya ta yarda a yanke, amma ta ce guntun mai ƙusar a ɗakinta zai zauna.

A gaishe da kowa, a sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Safiya