Farar Hular da Ka Ɓoye Mana

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Idi Tela,

Assalamu alaikum, Baba. Gaisuwa da ban girma daga 'yarka Hauwa, tare da fatan makwancinka da haske.

Akwatinka na ƙarfe ya iso Greensboro. Wajen rabon gado ba wanda ya so shi, Yaya Sani ya ce a aika wa ta Amurka, ita ce mai son tarkace. Da guduma na fasa kwaɗon.

Farar hular sojan ruwa na fara gani, sai lambar yabo mai tsatsa. Ƙarƙashinsu hotonka ne a kan jirgin yaƙi, ko gemu babu, kana dariya. A bayansa ka rubuta da ajaminka: "Bakin teku, yaƙin basasa. Ko buhun gishiri bai wuce mu ba."

Haba Baba! Ba ɗinki ka ce mana kana yi a Legas a shekarun nan ba?

Ka tuna Anti Nkechi, maƙwabciyata a nan unguwar Glenwood, wadda kake cewa in gaishe ta a kowace wasiƙa? Ita ta kai ni asibiti ina naƙuda, ita ta yi min wankan jego kamar uwa. Ta taɓa gaya min ƙannenta uku yunwa ta kashe a yaƙin nan, da jiragen ruwa suka toshe hanyar abinci. Ƙaramin, gishiri yake roƙo ya lasa har ya cika.

Ranar sadakar arba'in ɗinka da muka yi a nan, ita ta dafa shinkafar. Da limaminmu Alhaji Bello ya roƙi jama'a su yafe maka kamar yadda aka saba, ita ma ta ce ta yafe, har da hawayenta. Ta yafe abin da ba ta sani ba. Kai kuwa ka sha gaya mana, "Hakkin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya sauke da kansa."

Sati biyu abin yana ci na. Jiya da la'asar na ɗauki hoton na buga mata ƙofa, na durƙusa na gaya mata komai, na roƙa maka gafara. Ta daɗe tana kallon fuskarka. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta miƙo min hoton, ta zare mukullin gidana da na ba ta ajiya daga cikin nata, ta sa min a tafin hannu, ta rufe ƙofa a hankali.

Wallahi ina fushi da kai, Baba, kuma ina kewarka kamar raina zai fita. Na san lokacin yaro ne kai, umarni aka ba ka. Amma da ka faɗa da bakinka.

Ya Allah, ka jiƙan yaran nan uku, ka sanyaya zuciyar yayarsu, ka yi wa mahaifina hisabi mai sauƙi. Na je nemo maka yafiya, Babana, na dawo hannu biyu, ban samo ba.

'Yarka,
Hauwa