Sautin da Aka Aika wa Baba

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Tunda waya ba ta kamawa a dajin da kuke gina gada, na ba direbanku wannan takarda.

Baba yana nan yadda ka bar shi tun da ya faɗo daga rufin da yake bugawa. Ido a buɗe, amma ba ya kallon kowa, abinci ma sai ta robar hanci. Jiya likitar ƙwaƙwalwa ta zaunar da mu. Ta ce suna gwajin wata na'ura mai aika sauti cikin kai, irin wanda ake duba jaririn mai juna biyu da shi, sai dai an tattara shi wuri guda kamar yadda gilashi ke tattara hasken rana. Akwai wani gurbi can tsakiyar ƙwaƙwalwa da ke riƙe da farkawar mutum, shi suke so su zungura. Babu wuƙa, babu fasa kai. Ba ta yi alkawarin komai ba. Me ka gani?

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da tambayar mai jiki. Saƙonki ya iso, na karanta da kyau. Ke kin manta abin da gilashin nan ke yi wa takarda? Ƙona ta yake yi. Mahaifina ba abin gwaji ba ne. Yanzu aƙalla yana numfashi, Umma tana da wanda za ta zauna kusa da shi. Idan suka dafa masa ƙwaƙwalwa, wa za mu kama? Ban yarda ba. A jira in zo.

Ki gaishe da Umma. Allah Ya ba shi lafiya.

Yayanki

Yaya,

Ina gaishe ka, kuma ka yi haƙuri tun kafin ka karanta. Na karanta wa Umma takardarka. Da na gama, ta ce, "Ɗansa ne, ni kuwa matarsa ce. Kira min likita."

Na yi wa likitar maganar ƙonewa. Ta yi dariya, ta ce ƙarfin da suke sawa bai kai ya ɗumama shayi ba, ƙwanƙwasa ƙofa ne kawai. Sai da suka ɗauki hoton kansa don su san inda za su saita. Suka aske gefen kunnensa, suka shafa wani mai mai sanyi, suka ɗaura masa abu kamar murfin kofi. Na kasa kunne, wallahi ban ji komai ba. Kafin Umma ta gama addu'arta an cire.

Ranar babu abin da ya canza. Na shiga banɗaki na yi kuka, na ce ashe kai ne da gaskiya. Amma shekaranjiya mai shara ya wuce da bokiti, sai na ga idon Baba ya bi shi har bakin ƙofa! Likita ta ce kada mu yi rawa tukuna, wataƙila dama lokacin farkawarsa ne ya yi. Za su maimaita sati mai zuwa.

Taka,
Auta

Auta,

Na gaishe ki. Na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba, har na kasa cin abinci. Amma na karanta maganar bokitin nan ya fi a ƙirga. Idon dama ne ko duka biyu? Yana jin murya? Ki ce wa Umma abin da ta yanke ya zauna. Na nemi hutu wurin shugabanmu.

Yayanki

Yaya,

Sannu da aiki. Duka biyu ne. An kuma aika masa sautin karo na biyu. Yau da safe Umma tana goge masa fuska tana ba shi labarin maƙwabta, sai ta tsaya ta ce, "Malam, ka gane ni kuwa?" Ya daɗe yana motsa baki. Muka sunkuya duka, har da likita.

Ya ce, "Kin cika surutu."

Umma ta zauna a ƙasa tana dariya tana hawaye. Ka taho.

Auta