Na juya maganar baƙo a bakina, Baba Fasto zai ajiye aiki

Salama gare ku mai shafi da masu karatu, Musulmi da Kirista. Don Allah a sakaya sunana, kuma kada a yi mini ruwan zagi, wanda nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni Kirista ne, ina gyaran waya a kasuwar Bukkuyum. Cocinmu ƙarama ce a wani ƙauye da ke kusa, yawancinmu manoma, kuma tun da rashin tsaro ya kori malaman makaranta ni kaɗai na rage mai jin Turanci sosai, shi ya sa in baƙo ya zo ni ne tafinta. Fastonmu dattijo ne, Baba muke ce masa, da Hausa ya yi karatunsa na Littafi Mai Tsarki, shi ya ɗaura mini aure. To ni da shi mun daɗe muna jayayya kan Isra'ila. Ni na tsaya a kan cewa ƙasar nan ta yau ita ce ta annabci, ita ce agogon Allah, duk yaƙin da aka yi can alama ce ta dawowar Almasihu. Baba kuwa ya ce alkawarin da Allah ya yi wa Isra'ila a Littafi na duk mai bangaskiya ne ko daga wace kabila ya fito, ranar kuma ba wanda ya sani, kowa ya je ya nome geronsa. Wata Laraba a nazarin Littafi na miƙe da wayata ina kawo hujja, jijiyar wuya a tashe, sai ya ce, "Ɗana, in duniya jibi za ta tashi, mi ya hana ka zowa sharar coci jiya?" Aka kwashe da dariya, har da matata. Haba! Ni da iyalina a mai da ni abin dariya? Na haɗiye, amma ba ta wuce ba.

Ana nan sai wani mai wa'azi daga kudu ya ziyarce mu, ko "sannu" ba ya ji. Bayan wa'azi Baba da kansa ya ce in tambaye shi batun Isra'ila, kowa ya huta. Na tambaya. Mutumin ya ce masu bi sun daɗe da saɓani a kan wannan, shi dai ra'ayinsa ya fi karkata ga na Baba, kuma kada mu bari abin ya raba mu. Wallahi ban shirya ba, bakina ne ya riga ni. Na juyo na ce, "Ya ce Isra'ilar yau ita ce agogon Allah, kuma duk makiyayin da ke koyar da wani abu daban yana rufe wa tumakinsa ido." Baƙon bai san wainar da ake toyawa ba, ya je ya dafa kafaɗar Baba yana murmushi, mutane suka ɗauka tausayinsa yake ji. A kan babur muna komawa gida matata, da ta yi sakandare ta ɗan tsinci wasu kalmomi, ta ce a kunnena, "Baban yara, ba haka ya ce ba." Na daka mata tsawa na ce yaushe ta zama Baturiya. Tun daga ranar har yau tuwo kawai take ajiye mini ta tashi.

Ni na ɗauka Baba zai ɗan ji kunya ne a wuce wurin. Ina! Lahadin da ta biyo ya tsaya gaban jama'a ya ce tun da masu ilimi sun faɗa, shi ya yarda ya ɓatar da mu shekara da shekaru, a yafe masa. Ya gaya wa dattawan ikilisiya cewa da an gama girbin wake zai ajiye aiki ya koma ƙauyensu wajen Zuru. Su kuma suka ce ni zan riƙa jagorantar nazarin Laraba. Ni fa! Wannan wane irin abu ne? Abin da ke ƙona mini rai shi ne har gobe ina ganin ni ke da gaskiya kan Isra'ila. Me ya sa baƙon bai faɗi abin da na sani ba? Me ya sa Baba bai yi gardama ba kamar yadda ya saba, da na samu wanda zan ji haushi? In na tona, za a ce ra'ayin ma ƙarya ne tun da sai da ƙarya ya tsaya, kuma wa zai ƙara yarda da bakina a coci ko a kasuwa? In na yi shiru, dattijo zai tafi da laifin da ba nasa ba. Waken kuwa har ya fara bushewa a gona.

Jiya ranar kasuwa ina cikin kwance wata waya sai ga Baba da sabon littafin rubutu da biro. Ya zauna a kan bencin kwastomomi ya ce, "Ɗana, kai ke jin Turanci. Koya mini abin nan daga farko, kada in mutu ina bisa kuskure." Maimakon in durƙusa in faɗi gaskiya, na buɗe baki na koya masa. Yana rubutawa a hankali, yana cewa in maimaita inda bai kama ba. Da zai tashi ya ce, "Na gode, Malam. Wane lokaci zan dawo?"

Na ce masa kasuwa mai zuwa. Jama'a, kafin ranar, me zan yi?